Mu Kai Yara Su Ga Ruwa, Kafin Su Kai Kansu

Yau kam sai kun yi mini afuwa, domin ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba. Masoyan nan biyu su ɗan ƙara haƙuri a inda muka baro su, na san ba za su tsufa ba kafin mako mai zuwa. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga in ban amayar da ita ba, ba zan samu sukunin riƙe biro ba.

Damina biyu da suka wuce, a unguwarmu a nan Kano, aka tsamo wani yaro ɗan shekara 9 daga kududdufin da ke bayan layinmu. Da la'asar ya fita, sai bayan isha'i ma'aikatan kashe gobara suka fito da shi. Uwarsa ba sakarya ba ce, mace ce mai tsananin sa ido a kan 'ya'yanta, kuma kullum ta Allah ina jiyo muryarta ta kan katanga tana cewa, "Kada in ji, kada in gani ka je bakin kududdufi." Irin maganar da ni ma nake yi wa nawa ke nan, ba ragi ba ƙari.

Ranar sadakar uku na dawo daga gidan rasuwar na tarar da ɗana na tsakiya, wanda ajinsu ɗaya da marigayin a Islamiyya, ya tasa abinci a gaba ya kasa kai loma. Da na matsa masa, sai ya fashe da kuka ya ce, "Umma, ni ma ina zuwa. Ranar ma tare za mu tafi, Abba ne ya aike ni."

Wallahi hannun da na ɗaga da niyyar mari a sanyaye ya sauko. Shekara da shekaru ina hani, ina zare ido, ina ambaton bulala, ashe abin da hanin nawa ya koya wa yaron nan guda ɗaya ne: ya iya ɓoye mini. Yana zuwa ya cire riga ya rataye a kan dutse, in ya fito ya tsaya a rana ya bushe, ya shafa ƙasa a ƙafa don kada in ga alama.

Tun daga ranar na sauya tunani, kuma shi ne abin da nake son mu tattauna a yau. A nawa ɗan guntun ra'ayin, yaro zai je bakin ruwa ko mun so ko mun ƙi, domin Allah ya halicce shi da son ruwa. Abin da ya rage mana zaɓi shi ne, ko dai ya fara sanin ruwa hannunsa cikin na ubansa, ko kuwa ya fara saninsa tare da sa'o'insa waɗanda su ma ba su san komai ba. Saboda haka nake cewa iyaye mu ware rana, mu yi shiri, mu ɗauki yaranmu mu kai su bakin tafki ko madatsar ruwa su yini. Amma fa a lura, shirin shi ne ginshiƙin maganar. Tafiyar da ba shiri, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mu dai faɗa wa kanmu gaskiya, Bahaushe matafiyi ne, amma ba ya tafiya don yara. Tafiyar iyali a wurinmu ba ta wuce biki, suna, ta'aziyya, ko dubiya a asibiti. In an yi wa yara gata sosai, a kai su gidan zu ranar yawon Sallah, su ga kura cikin turmutsutsu su dawo da ciwon kai. Yaro ya girma a Kano, ya gama sakandare, ya iya zana taswirar Najeriya da kogin Kwara da na Binuwai, amma bai taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin idonsa ba.

Mu marubuta ma da namu laifin, kuma ban cire kaina ba. Sau nawa muka ɗauki Alhaji da amaryarsa a littafi muka kai su Dubai ko Landan, muka zaunar da su a bakin teku suna shan iska? Ni da kaina na taɓa cika shafi uku ina kwatanta wani bakin teku da ban taɓa gani ba sai a fim ɗin Indiya, alhali Tiga tana nan kusa da ni, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, ban taɓa taka ta ba. Mun koya wa masu karatunmu cewa hutawa a bakin ruwa sai mai fasfo, sai kuma amarya da ango. Yara kuwa a littattafanmu kullum a gida ake barinsu wurin mai aiki.

Lokacin da na kawo wa Maigida shawarar zuwa Tiga, kallona ya yi ya ce, "Ke dai rubuce-rubucen nan sun fara taɓa ki. Da wannan tsadar man za mu ɗauki mota mu tafi kallon ruwa? Ba ga randa nan ba?" Ban ga laifinsa ba, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane magidanci lissafi yake kafin ya tada mota. Sai dai na ɗauko takarda na rubuta masa abin da muka kashe a ankon biki biyu na dangi a shekarar, da ɗinki, da gudunmawa, na ajiye masa kusa da kuɗin man zuwa Tiga da dawowa. Bai ce komai ba, washegari dai ya ce in tambayi matar ƙaninsa ko za su je, a haɗa kuɗin mota. Da haka muka yi asusu na wata uku, gida biyu, muka ɗauki bas guda. Wanda yake neman abin da zai sa a tukunya yau, ba da shi nake ba, Allah ya hore masa. Ina magana ne da mu da muke iya fitar da anko amma mu ce kai yara shan iska almubazzaranci ne.

Surukata kuwa ba kuɗi ne damuwarta ba. Cewa ta yi, "Ke 'yar nan, ruwa yana da masu shi. Haka kawai ki kwashi jikokina ki kai wa mutan ɓoye?" Na durƙusa na ce, "Hajiya, ai da ke za a tafi, ki riƙa yi mana addu'a." Ban tsaya musu da ita ba, kuma ba zan yi da ku ba. Iyayenmu da suka tsorata mu da mutanen ruwa, 'ya'yansu suke son tsarewa da abin da suka sani. Amma yaron yanzu in ka ce masa akwai aljani a kududdufi, ya je sau ɗaya bai ga aljani ba, shi ke nan ya daina yarda da duk abin da za ka faɗa masa game da ruwa, har da na gaskiyar. Mu yi addu'a, mu yi azkar, sannan mu faɗa musu abin da yake kashewa a zahiri: zurfi, laka, santsi, da rashin iya iyo.

Akwai kuma masu cewa wannan ɗabi'ar 'yan boko ce. To ni dai na sha jin malamai suna kawo maganar magabata a kan koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, ban kuma taɓa jin malamin da ya haramta wa mutum ya kai iyalinsa su dubi ikon Allah ba, matuƙar an kiyaye sutura da lokacin salla.

Uzuri ɗaya ne na yarda da shi ba gardama, shi ne tsaro. Akwai wuraren da a yau mai hankali ba zai kwashi yara ya nufa ba, komai kyansu. Tafkin Chadi da iyayenmu suke ba mu labarin kifin Baga, rikicin Boko Haram ya raba baƙo da shi shekaru da dama, dazukan da ke kewaye da tafkin Kainji ma an sha jin labarin 'yan bindiga a cikinsu. Don haka matakin farko na shiri shi ne tambaya. Kada ka dogara da hoton da ka gani a Facebook. Ka nemi direban da yake bin hanyar a satin nan, ko ɗan garin da ka sani, ka tambaye shi lafiyar hanya, da inda ake barin baƙi su zauna, da inda jami'ai suka hana zuwa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka fasa, ruwa ba ya gudu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka bari in zayyana muku yadda muka yi namu, mai son ɗauka ya ɗauka, mai gyara ya gyara.

Da farko wuri. Mu mun zaɓi Tiga saboda kusa ce, kuma ruwa ne mai tarihi. A zamanin Gwamna Audu Bako aka tare kogin Kano aka gina ta, aka gama a 1974, tana kuma iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. In ka bi hanyar Zariya za ka ratsa Kura da Kadawa, inda ruwan nan yake bin magudanai yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir a tsakiyar rani. Tun a mota darasi ya fara. Na nuna wa yara gonakin kore shar a watan Disamba, na ce tumatirin da ke miyarku daga nan yake, ruwan da ya sha kuma shi za mu je gani. Wanda Tiga ta yi masa nisa ya duba kusa da shi. Mutanen Ƙaraye suna da Challawa, na Katsina suna da Ajiwa, na Misau suna da tafkin Maladumba. Kusan kowace jiha a Arewa tana da nata, sai dai a yi tambayar nan da na faɗa kafin a tashi.

Na biyu lokaci. Ni ban ba da shawarar damina ba ko kaɗan, musamman Agusta da Satumba, lokacin da madatsu suke cika maƙil, gaɓa ta yi laushi, ciyawa ta rufe ramuka. Wanda ya ga abin da ya samu Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ba sai an yi masa bayanin ƙarfin ruwan damina ba. Bazara kuma rana za ta gasa yara kafin azahar. Hutun makaranta na Disamba ya fi, sai dai iskar hunturu a bakin ruwa ta ninka ta cikin gari, don haka a tafi da rigunan sanyi da man shafawa. Mai yaro sikila ko mai asma ya kula ƙwarai, ya tafi da maganinsa, ya rufe masa jiki, in ma sanyin ya tsananta a ɗaga tafiyar. A fita bayan asuba, a baro wurin da la'asar sakaliya. Kada magariba ta same ku a bakin ruwa, saboda sauro, da duhu, da kuma hanya. Tafiyar farko a yi ta yini ɗaya. In an saba har ana son kwana, a nemi masauki ko gidan dangi a cikin gari, nesa da gaɓa, a tafi da gidan sauro, domin yaron da ya farka da asuba ya san ruwa na bayan ɗaki, ba zai tashe ki ba.

Na uku guzuri. Mun yi dambun shinkafa da soyayyen nama tun dare, saboda ba ya saurin lalacewa, muka haɗa da zoɓo da lemon zaƙi da rake. Ruwa kuwa jarka biyu muka ɗauka daga gida, na sha da na alwala. Sai tabarmi, buta, fo na ƙananan yara, sabulu, filasta da man ciwo, da babbar leda ta kwashe shara. A nan ina da magana da iyayen gida maza. In uwargida ce za ta kwana tana girki, ta yini tana rabon abinci da wanke kashi, ta dawo ta hau wanke-wanke, to ita ba hutu ta je ba, kicin ɗinta kawai aka mayar bakin ruwa. A raba aiki. Namu Maigidan shi ya yi rabon abinci ranar, duk da cewa rabon nasa ya ƙare nama ya ƙare kafin a zo kansa.

Yanzu ga dokoki uku da na kafa tun a gida, na sa kowane yaro ya maimaita su kamar karatun allo.

Doka ta farko, ba mai sa ƙafa a ruwa. Na san za a ce to mene ne amfanin zuwan? Amfanin yana nan, amma ku saurari dalili. Ruwan da yake kwance irin na madatsu da tafkuna da magudanan noman rani, shi ne gidan tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wasu ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar gefen ruwa, daidai wurin da ba zurfi, inda uwa take ganin ya dace yaro ya ɗan yi wasa. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga, kuma ba ta buƙatar dogon lokaci. Sai bayan makonni ko watanni yaro ya fara fitsari da jini a ƙarshensa. Da yawa a karkara har gobe suna ɗauka alamar balaga ce ga ɗa namiji, alhali cuta ce da in ta daɗe take lalata mafitsara da ƙoda, ga 'ya mace kuma tana iya taɓa mahaifa. Tana da magani, shi ne praziquantel wanda akan raba wa 'yan makaranta, kuma duk wanda ya ga alamar a ɗansa ya garzaya asibiti. Amma rigakafi ya fi magani. Shi ya sa har ruwan alwala muka taho da namu, kuma na hana kowa yin fitsari kusa da gaɓa, domin ta nan ne ƙwan cutar yake komawa ruwa. Mai halin koya wa ɗansa iyo, ya kai shi wurin wanka da ake sa wa magani, a gaban mai koyarwa. Tafki na ido ne.

Doka ta biyu, ba mai hawa kwale-kwale sai da rigar nan mai hana nutsewa, wadda ta yi daidai da jikinsa. Mutanen Kano ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da jirgin ruwa ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka Bagwai a madatsar Watari, ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, ya kife saboda lodi ya yi masa yawa. Aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara. Su tafiyar dole ce ta kama su, ba su da wata hanya mai sauƙi. To ni da na zo shan iska, wane dalili zan ba Ubangijina in na ɗora 'ya'yana a jirgin da ba riga? Mun samu mai jirgin da ya yi mana tayi da araha, yara suka hau tsalle, na tambaye shi riguna, ya yi dariya ya ce shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa kifewa ba. Na ce Allah ya ƙara tsarewa, amma ba za mu hau ba. Babbar 'yata ta yi fushi da ni har azahar. Na gwammace fushinta.

Doka ta uku ta manya ce, kuma ita ce wadda ni da na kafa ta na fara karyawa. Dokar ita ce, a kowane lokaci akwai babban mutum guda wanda ba shi da aikin komai sai kallon yara. Ba waya, ba hira, ba ɓare gyaɗa. In ya gaji ya kira wani da sunansa ya ce na miƙa maka, shi kuma ya amsa. Domin inda manya suka yi yawa, nan ne yaro ya fi saurin salwanta, kowa yana zaton wani na kallo. Kuma kada a ɗora wa 'yar shekara 12 amanar ƙannenta a bakin ruwa, ita ma yarinya ce.

Ana cikin haka, lokacin nawa ne na tsaro, faccalata ta ɗauko labarin wata rigimar kishiyoyi a danginsu. Kun san halin marubuci da labari. Na juya ina saurare, har ina ayyana yadda zan sa shi a littafi. Wallahi bai fi a karanta Fatiha uku ba, da na waiwayo autana ɗan shekara 3 ba ya kan tabarma. Can na hango jar rigarsa, ya bi wata leda da iska ta kwasa, saura taku kaɗan ya kai laka. Ban san lokacin da na yar da mayafi ba. Allah ya sa jar riga na sa masa da gangan, kuma Allah ya sa mun shimfiɗa tabarminmu nesa da gaɓa. Da na ɗauko shi dariya yake yi, ni kuwa ƙafafuna sun kasa ɗaukata.

Abin da ya fi ba ni tsoro daga baya shi ne shirun. A fim mun saba ganin mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu. A zahiri ƙaramin yaro ba ya samun numfashin yin ihu, shiru yake tafiya, kuma ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2024 ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Don haka mun tafi da doguwar igiya ɗaure da jarkar da ba komai a ciki, murfinta a rufe gam. In wani ya faɗa, jefa masa ake yi a jawo shi, wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi, gawa biyu za a yi. In an fito da yaro ba ya numfashi, ba a juya shi ƙafa sama ko a danna masa ciki, hura masa iska ake yi a baki ana danna tsakiyar ƙirji, wani kuma ya nemo mota. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti. Ya kamata kowace uwa da kowane uba su nemi ma'aikacin lafiya ya nuna musu yadda ake yi da hannu, domin karantawa kaɗai ba ta isa ba.

Mai karatu zai ce, to baiwar Allah, duk wannan tsoratarwa, ba gara a zauna a gida ba? Bari in faɗa muku abin da ya biya ni wahalata.

Bayan azahar muka gangara inda masunta suke fitowa da kifi, muka sayi karfasa da tarwaɗa. Akwai wani dattijo yana gyaran komarsa a gindin bishiya. Maigida ya yi masa sallama, ya ce, "Baba, ga ɗanka nan, gwanin wanka ne a kududdufi." Dattijon ya ɗago ya dubi yaron, bai yi masa faɗa ba. Ya ce, "Samari, zo ka gani. Nan wurin, a ganinka ruwan zai kawo maka ina?" Yaron ya leƙa ya ce, "Gwiwa, Baba." Tsohon ya ɗauko doguwar gorar da yake tura jirgi da ita, wadda ta ninka tsawon Maigida, ya miƙa hannu daga inda yake tsaye ya soka ta. Muna kallo gorar nan ta yi ta shiga, ta yi ta shiga, har ruwa ya taɓa masa hannu. Ya zaro ta ya nuna masa baƙar lakar da ta kama gindinta. Ya ce, "Ni a ruwan nan na yi furfura, amma har yau ban taɓa shigarsa da wasa ba. Wanda ya iya ruwa ma shi ruwa ya fi ci, balle kai."

Yaron nan bai ce uffan ba. A mota muna dawowa, kowa ya yi barci, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Umma, kududdufinmu ma haka yake?" Na ce haka yake, domin rami ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, ba wanda ya san inda ya zurma. Abin da na shekara biyar ina faɗa da bulala bai shiga ba, gora ɗaya ta shigar da shi. Gani ya kori ji.

Ba zan yi muku alkawarin cewa yini ɗaya a Tiga ya zama laya ba. Yaro yaro ne, har gobe ina sa ido, kuma har gobe ina ganin wajibi ne masu unguwanni da hukuma su cike kududdufan da ke tsakiyar gidaje ko su kewaye su. Amma daminar da ta biyo baya, da kansa ya zo ya faɗa mini cewa wasu yaran layinmu sun koma wanka a can, in gaya wa iyayensu. Yaron da da yake shafa ƙasa a ƙafa don ya ɓoye mini.

Ban da wannan ma, akwai abin da ba ya shiga lissafi. Na ga Maigida, mutumin da yara suke shiga ɗaki in sun ji ƙarar motarsa, ya naɗe ƙafar wando yana koya musu jifan da dutse yake tsalle a kan ruwa. Na ga Hajiya, wadda ta ce ruwa na da masu shi, ta zauna da carbinta tana kallon tsuntsaye suna sauka, har ta ba jikokinta labarin rafin garinsu da ba ta taɓa ba mu ba. Da za mu taho ita ce ta ce, "Baɗi in da rai, a fito da wuri."

Saboda haka 'yan uwana iyaye, a fara asusu tun yanzu, a yi tambaya, a yi shiri, a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ku kuma 'yan uwana marubuta, a littafi na gaba a ɗan rage wa Alhaji kuɗin jirgi, a sa shi ya kwashi matansa da 'ya'yansa ya kai su Tiga. Ni dai na riga na fara, kuma a nawa labarin har da jarka da igiya a bayan mota.

Allah ya jiƙan yaran da ruwa ya ci, ya ba iyayensu haƙuri, ya raya mana namu bisa tafarki madaidaici. Kuskuren da ke ciki nawa ne, mai gyara ƙofa a buɗe take. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu in Allah ya kai mu.